Farar Mujiya da Hantar Gyazbi

Ni ban shiga makaranta ba, ko ta boko ko ta allo. Abin da na sani, ko dai da idona na gan shi, ko da kunnena na ji shi. Wannan da zan faɗa kuwa a tsakar gidanmu ya faru, a Samaru, a shekarun nan da wayar hannu ta shigo, har masu sayar da tumatir suka fara rataya ta a wuya.

Mu uku ne a cikin zancen: ni, da ɗana na fari, da ɗansa. Akwai na huɗu, amma shi ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa. Mijina ne, kuma maharbi ne.

A wurinmu ba a kiran sunan ɗan fari. Ba a jansa a jiki a gaban mutane, ba a zama a yi doguwar hira da shi, ba a nuna an damu da shi ko da ciki yana ƙuna. Haka na tarar, haka na yi. Na haife shi ina yarinya, ya yi furfura ina gani, ban taɓa buɗe baki na kira sunansa ba. In zan yi maganarsa sai in ce "mai gidan nan". In zan yi masa magana sai in dubi bango. Ubansa ma haka ya yi masa a cikin gida. Amma uban yakan ce a daji babu kunya, domin wanda ya tsaya kunya a daji zai kwana da yunwa. Tun yaron bai kai tsawon baka ba yake binsa, yana riƙe masa kwari.

Muna zaune a wani ƙauye ne a lokacin, can bayan Shika. Da naman daji aka yi masa karatu: zomo, makwarwa, gafiya, gyazbi mai ɓarnar rake, wani sa'in gada in Allah ya kawo. Wata rana uban ya je duba shi a makarantar kwana ta mishan. Ya tafi yadda yake, da baka a kafaɗa, da zomo biyu a rataye don ya ba malamai. Yara suka fito suka kewaye shi suna dariya. Daga ranar suka sa wa ɗana suna, Ɗan Gafiya, kuma sunan ya bi shi har ya gama. In ya shiga aji sai su toshe hanci. Bai faɗa mana ba, wani yaron garinmu ne ya kawo labarin. Abin da na gani dai shi ne, da ya dawo hutu na zuba masa miyar zomo, ya ture kwanon a hankali, ya ci tuwonsa da miyar kuka tsura. Bai sake bin ubansa daji ba. Uban bai tambaye shi dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Ya girma ya zama akawu a jami'a, ya zama dattijo a majami'armu, mutum mai guga a riga da ƙyalli a takalmi. Da uban ya rasu ya ɗauko ni ya kawo ni Samaru, ya ba ni ɗaki mai taga biyu, bai taɓa bari na nemi wani abu na rasa ba. Abu ɗaya ne ba ya shiga gidansa, naman daji. Ba doka ya kafa da baki ba. Kowa dai ya sani.

Jikan nawa shi ne na uku a 'ya'yansa, kuma shi ne mijina na wasa. Tun yana ƙarami yake tara ƙadangaru a gwangwani. Ya karanta ilimin dabbobi a nan, ya yi ƙoƙari har aka ɗauke shi zuwa Kanada ƙarin karatu. Uban ya yi murna irin wadda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Yana can, likitan dabbobi zai zama." Yaron bai taɓa cewa haka ba, uban ne ya ɗinka masa wannan rigar.

Ya dawo hutu a ƙarshen wata damina, an girbe gero, dawa tana fitar da kai. Hutun gajere ne. Ran Lahadi bayan sujada uban ya tara abokansa na ofis da dattawan majami'a, surukata ta dafa shinkafa da kaji, aka cika falo. Ni ina zaune a bakin ƙofa kan kujerata 'yar tsugunne.

Aka ce ya nuna hotuna. Ya fito da su a ambulan, suna yawo hannu zuwa hannu. Ga ƙasa fara fat, babu itace ko ɗaya, babu gona, babu tururuwa. Ga shi cikin wata riga kamar an naɗe shi da katifa. Sai ga hoton tsuntsuwa, fara kamar audugar da aka kaɗa, tana zaune a ƙasa da rana tsaka, idanunta rawaya.

Wani ya ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Mujiya ce. Ita ce aikina. Ina bin sheƙoƙinsu ina ƙirga ƙwai da 'ya'ya."

Surukata ta ce, "Yesu ka tsare mu," ta janyo jikarta da ke rarrafe ta ɗora a cinya.

Sai hoto na gaba ya fito. Jikana ne a durƙushe kan ƙanƙara tsakanin wasu mutane gajeru masu faɗin fuska, ga wata dabba a farke a gabansu, hannunsa jina-jina, bakinsa ma haka, yana dariya har kunne. Ya ce mutanen wurin ne, Inuwit ake ce musu, su ne ke yi masa jagora. Dabbar kuma ta ruwa ce, mai kama da ayu.

Wani abokin aikin uban, mutum mai son barkwanci, wanda suka yi makarantar kwana tare, ya ɗaga hoton sama ya ce, "Kai jama'a! Kakan da baka, jikan da fasfo, amma sana'ar ɗaya ce. Ɗan Gafiya, ashe har Kanada ka aika a yi maka farauta?"

Falo ya ɗauki dariya. Ɗana ma ya yi dariya tare da su, ya miƙa wa mutumin lemo. Ni kaɗai na ga yadda ya ajiye cokalinsa bai sake ɗauka ba.

A gidan, maza tare suke cin tuwon dare, a tire ɗaya, kan tabarma a tsakar gida. Daga wannan Lahadin ɗana ya ce a riƙa kai masa nasa ɗaki. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. In yaron ya gaishe shi da safe zai amsa, "Lafiya," ya wuce wurin mota. Sau ɗaya na ji ya faɗa wa matarsa, ta taga, "Na aika shi ya wuce inda na tsaya, ya je ya koma inda na gudo."

Kwanaki suna tafiya, ranar komawa tana matsowa. Kuma na san halin jininmu. In yaron ya hau jirgi a haka, shirun zai daskare, ya shekara, ya ƙara shekara, kamar yadda ya yi tsakanin ɗana da ubansa har aka kai ɗaya kabari. Na ga wannan sau ɗaya da idona. Ban so in sake gani ba.

Surukata ta ce hoton mujiya ba zai kwana a falonta ba alhali akwai jaririya a gidan. Ban ga laifinta ba. Mu ma haka muka tashi: in mujiya ta yi kuka a kan ɗaki, sai a watsa gishiri a wuta, a lulluɓe yara, a jefa mata bakin wuta. Hoton dai ya ƙare a ɗakina, jikana ya soke shi da ƙusa a saman gadona.

Na ce, "Maigida, duk matan duniya ka rasa wadda za ka kawo mini kishi da ita sai mai idon kwano?"

Ya ce, "Ai ta fi ki haƙora, tsohuwa."

"Tsuntsuwa ce ke da haƙora?"

"Shi ya sa na ce ta fi ki. Ita ba ta taɓa yi ba balle ta zubar."

Na ɗaga mafici zan kwaɗa masa, ya kauce. Amma dariyar tasa ba ta kai ido ba. Ɗakina ya zama wurin zamansa, tunda tabarmar tsakar gida ta zama kango. A nan ya ba ni labarin ƙasar. Ya ce akwai watannin da rana ba ta faɗuwa, tana dai kewaya sama kamar akuyar da aka ɗaure a turke. To mujiyar can ba ta da daren da za ta ɓuya a ciki, sai ta fito fili ta zauna kan tudu, kowa yana ganinta. Ƙafafunta da gashi har farce, kamar ta sa safa. A ƙasa take ƙwai. Shekarar da ɓeraye suka yi yawa ta yi 'ya'ya da yawa, shekarar da suka yi ƙaranci ko ƙwai ba za ta yi ba.

Na ce, "Yara ba sa jifanta?"

Ya ce, "Ba sa jifa. In sun gan ta nuna wa juna suke yi."

Na daɗe ina juya wannan a raina. Tsuntsuwa ɗaya, a nan a bi ta da wuta, a can a kira yara su zo kallo.

Ya ce mutanen ba su da gero, ba su da dawa, ba su da itacen girki. Abin da maharbi ya kawo shi ne abinci. Akwai wata barewa mai ƙaho kamar reshen itace, akwai kifi, akwai dabbar ruwan nan. Sai a shimfiɗa kwali a ƙasa a tsakiyar ɗaki, a ajiye naman a daskare, mata su zauna da wata wuƙa mai kamar rabin wata suna yankawa siriri, kowa ya miƙa hannu. Wanda ya harbo ba ya ci shi kaɗai, sai an kai wa tsofaffi da gwauraye. Ya ce, "Kaka, a can in aka ce wane ɗan maharbi ne, gyara zama ake yi."

Na tuna mijina yana raba cinyar gada gida-gida kafin mu ɗora tukunya.

Wata rana jikana ya ce yana son ganin mujiyar ƙasarmu, ya yi shekaru yana bin ta wasu bai taɓa tsayawa ya dubi tamu ba. Na ce kakansa yakan yi zancen wata kuka mai kogo a kufan ƙauyenmu, wadda mujiya ba ta taɓa rabuwa da ita. Muka hau bas zuwa Shika, muka hau acaɓa, ni a baya ina riƙe da rigar ɗan acaɓan ina kiran sunan Ubangiji. Muka tarar kufan ya zama gonakin masara da rake. Kukoki kuwa ga su nan birjik, kowace da kogonta. Ni mace ce, iyakata rijiya da bakin gona, ban taɓa bin mijina daji ba. Muka yi ta zagaye har ƙafata ta kumbura, ba mu ga ko gashinta ba.

Ya ce, "Amarya, kin yaudare ni."

Na ce, "Wanda ya san kukar yana Samaru yana goge takalmi."

Ashe bai taɓa sanin ubansa ya riƙe kwari ba. A hanyar dawowa na ba shi labarin zomo biyu da sunan da aka sa wa uban. Har muka iso gida bai yi mini wasa ko ɗaya ba.

Na gwada yin magana da ɗana sau ɗaya. Na kai masa ruwa, na tsaya a bakin ƙofarsa ina duban labule, na ce, "An ce yaron nan ya kusa komawa."

Ya ce, "Haka aka ce, Iya. Allah ya kiyaye hanya."

Iyakar abin da al'ada ta bar mana ke nan, ni da shi. Na koma ɗaki na zauna. Bakina a ɗaure yake, amma hannuna ba a ɗaure yake ba.

A ƙasan akwatina akwai wuƙar mijina, naɗe cikin tsumma. Baka da kwari ɗana ya bayar tun ranar makoki, amma wuƙar na ɓoye. Ƙaramar wuƙa ce, ƙotarta ta ƙahon gada, ta sha wasawa har cikinta ya lotsa. Na ciro ta na wasa a dutsen bakin famfo.

Washegari da sassafe na ja jikana zuwa kasuwar Sabon Gari. Can ciki, bayan masu garin rogo da manja, akwai wata mata 'yar kudu mai dafa farfesu, wadda maharban ƙauye ke kawo wa nama. Tun mijina na da rai na san uwarta. Ta gan ni ta buga cinya.

"Mama! Kina duniya? Wannan saurayin fa, sabon miji ne?"

Na ce, "Tsohon ne, ya je yawon duniya ya dawo ba ko tsinke. Kina da gyazbi?"

Ta jawo wani ƙyafaffe, baƙi ƙirin. Na ce ba shi ba, ɗanye nake so, da gashinsa da kayan cikinsa. Ta ce wannan na tukunyarta ne, masu shan farfesu suna jira. Na ce masu farfesu za su dawo gobe, ni kuwa ban san ko ina da gobe ba. Ta dube ni, ta yi tsaki, ta ce tsofaffin Hausawa sun fi kowa iya roƙo, ta shiga ciki ta fito da shi a buhu. Ƙato ne, an kama shi a gonar rake da asubar ranar, jikinsa bai gama sanƙarewa ba.

Ba zan ce na san abin da zai faru ba. Abin da na sani shi ne lokacin da ɗana ke tashi daga ofis. Na bar naman a inuwa cikin ganye har la'asar, sannan na ce wa jikana ya hura wuta a tsakar gida. Surukata ta fito ta ga abin da ke cikin buhu, ta kama haɓa.

"Iya, kin san fa halinsa."

Na ce, "Ni na haife shi."

Ta koma kicin ta ja ƙofa, amma ta bar taga a buɗe.

Jikana ya iya bin tsuntsu a ƙanƙara, amma bai iya babbaka ba. Ya tura gyazbin cikin harshen wuta ya bar shi, fata ta fara tsagewa. Ƙaurin gashi ya cika gida, ya haura katanga. Ya kankare yadda ya iya, ya kwantar da shi kan faranti, na miƙa masa wuƙar kakansa. Daidai nan muka ji tsayuwar mota.

Ɗana ya shigo da jakarsa a hannu. Ƙaurin ya tare shi tun a zaure. Ya tsaya, ya dubi tagar kicin ya ce, "Wa ya kawo wannan gidana?"

Na dubi bango na ce, "Tsohuwa ce ta yi kwaɗayi. Kafin ta mutu."

Ɗa ba ya hana uwarsa abinci. Ya nufi ɗakinsa, kuma hanyar ɗakin ta gefen wutar take. Jikana bai ɗaga kai ba. Ya kafa tsinin wuƙar a cikin dabbar, bakin yana duban ƙasa, zai danna da ƙarfi kamar mai yanka kabewa.

"Kai!"

Muryar ɗana ta fito da kaifin da ban taɓa ji a gidan ba. Muryar daji ce.

"Juya bakin wuƙar sama. Za ka fasa maɗaciya ka ɓata naman gaba ɗaya. Wa ya koya maka haka?"

"Ba wanda ya koya mini, Baba."

Ɗana ya tsaya. Na ga idonsa ya sauka kan ƙotar wuƙar, ya daɗe a wurin. Sai ya ajiye jaka a kan turmi, ya cire agogo ya sa a aljihu, ya naɗe hannun farar rigarsa, ya tsuguna da takalminsa mai ƙyalli a cikin toka.

"Kawo nan. Ka ƙona shi kuma. Ba a barin sa a wuta, juyawa ake yi, fatarsa ba ta da ƙwari. Riƙe ƙafafun. Ba haka ba, buɗe su."

Ya ɗan tsaga fatar, ya zura yatsu biyu a ciki, ya bi da wuƙar a tsakaninsu, bakin yana sama, cikin ya buɗe kamar an zuge jaka. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana riƙe biro bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya zaro hanta, ya juya ta, ya nuna wa yaron wata 'yar jaka koriya a manne.

"Ka gan ta? Ita ce. Da farce ake kama wuyanta, a ja a hankali." Ya cire ta, ya tona toka ya binne. "Kada kare ya ci."

Ya zauna da hantar a tafin hannunsa. Na san abin da ke biye. Mijina ya taɓa faɗa mini, da daddare bayan yara sun yi barci, cewa duk ranar da suka kashe nama a daji, kafin a ɗauko shi gida, yakan hura 'yar wuta ya gasa hantar ya ba yaron. Ba ya ci, ba ya kawo wa kowa. Ya ce, "A gida ba ni da bakin da zan gaya masa komai. To ina ba shi hanta."

Ɗana ya jawo garwashi da tsinke. Ya ce, "Gishiri," surukata ta miƙo ta taga kafin ya rufe baki. Ya barbaɗa, ya ɗora hantar kan garwashin, ya juya ta sau ɗaya, ya ɗauke tun cikinta da sauran ja. Ya hure tokar. Bai dubi yaron ba. Ya kawar da kai wajen katanga, ya miƙa hannu.

Jikana ya karɓa da hannu biyu ya ci.

Can ɗana ya ce, yana goge wuƙar da ganye, "Ta can ɗin, wadda ke cikin hoton. Ɗanya kuka ci?"

"Ɗanya, Baba. Da ɗuminta."

"Wa ya ba ka?"

"Tsohon da ya harbe ta. Ya yanka wa 'ya'yansa biyu, sannan ya yanko ya miƙo mini."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ko kallona bai yi ba."

Ɗana ya daɗe yana goge wuƙar da ta riga ta goge. Sannan ya ce, "To. Irin wannan ba a ƙin karɓa."

Ni na dafa naman, da daddawa da citta da barkono, yadda nake yi a ƙauye. Da aka shimfiɗa tabarma ɗana ya fito ya zauna, ba wanda ya kira shi. Ya ci, ya tsotse ƙashi, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Ba wai komai ya warware ba ne. Ina jinsu daga bakin ƙofata.

"Har yanzu ban san abin da zan ce wa mutane kana yi ba."

"Ka ce ina ƙirga mujiya."

"Allah ya sauwaƙe. A gaban dattawan majami'a?"

"To ka ce ina binciken tsuntsaye."

"Wa ke biyan mutum don ya ƙirga abin da ba a ci?"

Suka yi ta ja, hannuwansu suna cikin tire ɗaya.

Ran Asabar ta ƙarshe, da la'asar, ɗana ya tayar da mota ya ce wa yaron, ba ni ba, "Ka ce wa kakarka ta ɗauko mayafi." Muka wuce Shika, ya ajiye motar a bakin gonar rake. Bai yi waige-waige ba. Ya ratsa masara kai tsaye, ya wuce kukoki huɗu ko kallonsu bai yi ba, ya tsaya gindin wata karkatacciya da tsawa ta taɓa tsagawa. Ya ce wa ɗansa, "Ba sama ake dubawa ba, ƙasa." Ya tsuguna ya tsinto wani dunƙule baƙi-baƙi, ya murje shi a tafin hannu, sai ga gashi da ƙananan ƙasusuwan ɓera.

Jikana ya yi tsalle kamar yaro. "Haka muke yi a can, Baba! Daidai haka!"

"Kakanka ya ce ita ce mai gadin rumbu. Bai taɓa ɗaga mata baka ba. Rage murya."

Muka zauna kan saiwar kukar muna jira. Rana ta yi ja, ta sauka bayan rake, masu komawa gida da kekuna suka wuce suna kallonmu. Sai wani abu fari ya cika bakin kogon. Fuska ce, zagayayya kamar ƙaramin faifai, da baƙaƙen idanu. Hannuna ya kai ga mayafi da kansa zan rufe kai, yadda na saba tun ina yarinya. Na tsayar da shi. Na shekara fiye da yadda zan iya ƙirgawa ina jin kukanta ina watsa gishiri a wuta, ban taɓa ganin fuskarta ba sai ranar. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ba tsoro, ba mugunta. Ta saki kanta daga kogon ta bi saman masara, fukafukanta ba su yi ƙara ko ta zare ba.

Jikana ya raɗa, "Ta can ta fi ta girma."

Uban ya ce, "Ta nan ta fi kunya."

Da za mu tashi ƙafata ta ƙi. Ɗana ya kama damtsena ya ɗaga ni, bai saki ba har mota. Rabon da fatarsa ta taɓa tawa tun ina goyonsa.

Yaron ya koma ran Litinin. Uban ne ya kai shi tasha da kansa, kuma wuƙar ta tafi a ƙasan babban akwati, naɗe cikin tsummanta. Ba ni na sa ta ba.

Hoton farar mujiya yana nan a saman gadona, domin surukata har yau ba ta yarda ya shiga falo ba. Tun daga lokacin, wani sa'in in ɗana ya dawo daga aiki, yakan tsaya a ƙofar ɗakina ya yi gyaran murya, ya ce ya zo duba ko ƙusar hoton ta saki. Sai ya jawo kujerata 'yar tsugunne ya zauna. Shi yana kallon tsuntsuwar, ni ina tsince wake, har a kira shi cin tuwo.